Saitin aski na kaki na sojan Amurka, 1918: har yau yana aski, amma ka karanta lambarsa kafin ka biya

Jama'a yau kan wani tsohon saitin aski na tafiya zan yi magana, na kamfanin Gillette, wanda aka yi wa sojojin Amurka a 1918 lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Masu tara irin waɗannan kaya suna ce masa Khaki Set saboda jakarsa ta yadin kaki ce. A gwanjon intanet na saye shi, hannun wani mai sayar da tsofaffin kaya a Amurka, kuma tun da ya iso da shi nake gyaran fuska, in tafiya ta kama ma shi nake jefawa a jaka. Ga mai son gajeren bayani, ya ci kuɗinsa, yana aski tsaf, kuma rezar nan ta shagon unguwa tana shigarsa ba sai an yi wata dabara ba. Sai dai fa ba duk saitin da aka liƙa wa 1918 ba ne na 1918, a nan ne mutane suke zubar da kuɗinsu, shi ya sa maganar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Jakar yadi ce mai kauri, ruwan ƙasa irin na kakin soja, tana naɗewa ka danna maɓalli ta rufe, in ta rufu ba ta wuce girman walat ba, aljihun riga ma yana ɗaukarta. In ka buɗe akwai mazaunin kan ƙarfen askin, akwai na mariƙin, akwai ɗan gidan reza na ƙarfe, sannan ga madubi a aljihunsa, shi ma madubin ƙarfe ne aka goge shi har yana ɗaukar ido, ba gilashi ba ne, tunda wanda aka yi dominsa a rami yake kwana cikin taɓo, gilashi ba zai kai ko'ina ba zai fashe. Ƙarfen askin kansa gida uku ne. Akwai murfi mai ƙusa mai tiredi a tsakiya da 'yan ƙusoshi biyu gefe da gefe, akwai faranti mai haƙora irin na mataji, sai siririn mariƙi mai ɗan ƙwallo a gindi. Ka ɗora reza kan murfin, ka ɗora farantin, ka murɗa mariƙin ya matse, rezar ta ɗan rusuna, shi ke nan ka gama haɗawa. Babu sifirin, babu roba, babu wani abu mai motsi da zai ce ya gaji. Tagulla ce aka yi wa ruwan nikel, don haka ba ya tsatsa, inda ruwan ya goge sai dai ka ga rawaya-rawaya ya leƙo, nawa a gefen murfin ne ya fara nunawa kuma ni dai hakan bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni tun farko shi ne duk wanda ya tsara jakar nan ya san mene ne tafiya. Kan ba ya gogar mariƙi, mariƙi ba ya gogar madubi, in ka girgiza ba ka jin ƙarar komai. Saitunan zamani da yawa da na riƙe sun fi shi ƙyalli amma ba su kai shi wannan tunanin ba.

To me ya haɗa soja da kayan aski har gwamnati ta saya masa? Iska mai guba ce. Tun a Afrilun 1915 Jamusawa suka fara sakin iskar kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam, daga nan kowane soja sai da takunkumin fuska, shi kuma takunkumin ba ya kama fuska ya toshe iska in akwai ƙasumba. Da Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917 sai ya zama dole kowane soja ya riƙa aske fuskarsa da kansa, ba maganar jiran wanzami a fagen daga. A 1918 Gillette ya ba rundunar Amurka ƙarfen aski miliyan 3.5 da reza miliyan 32. Ka duba wannan adadi ka haɗa da inda kamfanin ya faro, a 1903 da King Camp Gillette ya fara fitar da kaya a Boston, bayan injiniyansa William Nickerson ya gano yadda za a yi siririyar reza mai kaifi da inji, ƙarfe 51 da reza 168 kaɗai suka sayar a shekarar gaba ɗaya. A 1904 ne abin ya tashi zuwa sama da dubu 90, duk da cewa dala 5 ake sayar da shi, kusan rabin albashin mako na lebura a lokacin. Samarin da suka dawo daga Faransa sun dawo gida da saitinsu a aljihu kuma sun riga sun saba, sai suka ci gaba da sayen reza har tsufansu. Wannan tarihin yana da amfani ga mai saye ta fuska guda: an yi su da yawan gaske, miliyoyi, don haka duk mai sayarwar da ya ce maka wai abu ne da ba a samu, ya ɗora masa kuɗi na fitar hankali, kar ka yarda. Abin da yake wuyar samu shi ne cikakke, wanda duk kayan cikinsa tare aka haife su.

Nan ne ainihin maganar take. Shekara ɗari da wani abu ba wasa ba ce, madubi ya ɓace, gidan reza ya ɓace, mariƙi ya tsage an sauya wani, jaka ta tsira amma ƙarfen cikinta ya tafi, sai dillali ya samu jakar 1918 ya nemo wani ƙarfen na 1925 ya cusa ya ɗauki hoto daga nesa ya rubuta na yaƙin duniya na ɗaya. Wasu da gangan suke yi, wasu kuma wallahi su ma ba su sani ba, a kayan gadon wani tsoho suka kwaso. Kai mai saye daga nesa cinikin biri a sama kake yi in ba ka san abin da za ka ce a nuna maka ba.

Ni abin da na fara cewa a turo min shi ne hoton farantin nan mai haƙora, a kwance ƙarfen a ɗauke shi shi kaɗai gaba da baya. Daga 1904 zuwa 1921 Gillette yana buga lambar siriyal, wato lambar da kowane ƙarfe yake da tasa shi kaɗai, a jikin irin wannan ƙarfen, lambobi ne da harafi a gaba bayan shekarun farko, kuma waɗanda aka yi wa soja a 1918 an san su da harafin J. Nawa J ne, kuma an buga Property U.S. Army a jiki, wato mallakar rundunar sojan Amurka, haka ma a cikin jakar akwai rubutun duk da ya dusashe sai ka karkata ta wajen haske. In ka ga ƙarfe mai kama da wannan sak, haƙora iri ɗaya, ƙwallon gindi iri ɗaya, amma babu siriyal ko ɗaya, to mafi yawa na bayan 1921 ne. Dalili kuwa a Nuwamban 1921 rajistar mallakar fasahar Gillette ta ƙare, a cikin wannan shekarar kamfanin ya fito da sabon samfuri mai suna New Improved a dala 5, shi kuma tsohon samfurin, wanda yanzu ake kira Old Type, aka karya masa farashi zuwa dala 1 aka ci gaba da zubo shi kasuwa babu lamba. Ƙarfe ne mai kyau, yana aski daidai da ɗan'uwansa, amma bai je yaƙi ba, bai kamata ka biya kuɗin wanda ya je ba.

Sai kuma maganar kwanan watan da ake gani a jiki, wannan yana ruɗa mutane sosai. A tsofaffin za ka ga an buga 15 ga Nuwamba 1904, a New Improved kuma 13 ga Janairu 1920. Ba ranar da aka ƙera shi ba ce, ranar da hukuma ta ba da rajistar fasahar ce, an yi shekaru ana buga wannan kwanan watan a jikin miliyoyin ƙarafa. Sau da yawa za ka ga an rubuta na 1904 a talla alhali ga tambarin Gillette nan mai siffar daimon da kibiya ta ratsa sunan, shi kuwa wannan tambarin sai 1908 aka fara amfani da shi, ka ga tallan ya ƙaryata kansa da kansa.

Akwai kuma saitin kaki na yaƙin duniya na biyu, shi ma na soja ne na gaskiya amma ba tsara ɗaya ba ne. Bambancewa ba wuya. Na 1918 haƙora gare shi, na yaƙi na biyu yawanci samfurin Tech ne wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, shi sanda ce miƙaƙƙiya a bakinsa maimakon haƙora, wasu ma mariƙinsu baƙar roba ce mai tauri saboda an karkatar da tagulla wajen yin harsashi. Da ka hango sanda a maimakon haƙora ka san ba na 1918 ba ne ko me aka rubuta.

Tunda an zo nan bari in ƙarasa wa masu son tara na baya-baya, don yawancin saitunan tafiya da za ku ci karo da su na shekarun 1950 da 1960 ne, 'yan ƙananan nan masu zif da guntun mariƙi. Daga wajen 1930 zuwa 1950 babu lamba, sai dai a gane da siffar kai da mariƙi da irin akwatin. Daga 1951 kuma abin ya zo da sauƙi, a ƙasan kan akwai harafi ɗaya a hagu da lamba ɗaya a dama, harafin shekara ne lambar kuma wane wata uku ne a cikin shekarar, 1 zuwa 4. W shi ne 1951, X 1952, Y 1953, Z 1954, sai aka koma A a 1955, B 1956, C 1957, D 1958, E 1959, F 1960, haka dai har P a 1970, aka tsallake Q, R ya zama 1971. Misali ka ga J da 2, to tsakanin Afrilu da Yunin 1964 aka yi shi, kuma ka lura wannan J ɗin daban da J na siriyal ɗin 1918, wancan dogayen lambobi ne ke binsa. Harafin yana zagayowa, W na iya zama 1951 yana iya zama 1976, nan sai ka duba samfurin ka ga wanne ne ya dace da zamaninsa. Waɗanda aka yi a Ingila, a masana'antarsu ta Isleworth da ke yammacin Landan mai doguwar hasumiyar agogo, yawancin tsofaffinsu ba sa ɗauke da wannan lambar sam, sai dai Made in England kawai. Kuma jakar fatar da aka rubuta wa West Germany ba za ta girmi 1949 ba, tunda kafin nan babu ƙasa mai wannan sunan, sau da yawa ma wani kamfani ne daban ya ɗinka jakar ya sa ƙarfen Gillette a ciki tare da almakashi da abin yanke farce. Ba jabu ba ne, haka aka sayar da su tun asali, amma ka san me kake saya.

Mu dawo kan na 1918. Abu biyu ne suke kashe wa irinsa daraja. Na farko tsagewar mariƙi, duk masu tara Old Type sun san wannan, mariƙin bututu ne siriri aka cusa masa wuya a sama da ƙwallo a ƙasa da ƙarfin inji, shekaru suna tafiya bututun sai ya tsage a tsaye daga bakin inda aka cusa. Tsaga siririya kamar gashi ba ta hana aski, da yawansu haka suke kuma an saba, amma in ta buɗe har wuyan yana juyawa a ciki to ba zai matse reza ba, sai an yi masa gyara da gam mai ƙarfi. Ka ce a ɗauko maka hoton mariƙin ta kowane ɓangare a cikin haske, don mai sayarwa yakan kwantar da shi ta gefen da tsagar take. Na biyu haƙoran kusurwa, in ƙarfen ya taɓa faɗuwa su ne suke lanƙwasa, in an zo miƙewa kuma tagullar takan karye. Ka ce a ɗauki hoton daga gefe ka ga duk haƙoran a layi ɗaya suke. Nawa Alhamdulillahi mariƙin lafiya lau, haƙora a miƙe.

Inda mai sayarwar ya ɓata min rai shi ne gidan rezar. A talla ya ce komai na asali ne, da kayan suka iso sai na ga gidan rezar ruwan zinare ne alhali ƙarfen da komai fari ne, ƙarara daga wani saitin aka ciro shi, a hotonsa kuma ya tura shi can cikin aljihun jakar yadda bakinsa kawai ake gani. Na yi masa magana, ya ce shi ma haka ya same shi, ya mayar min da wani abu daga cikin kuɗin ba tare da jan rai ba, wannan kam na yaba masa. Amma da ya faɗa tun farko da ya fi.

Wanki. Dan Allah duk wanda ya sayi irin wannan kar ya kai shi fuska sai ya wanke shi sosai, ba ka san fuskar wa ya bi ba. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, ka jiƙa shi ya ɗan jima, ka bi tsakanin haƙoran da tsohon buroshin goge baki har tsohuwar kumfar da ta daskare ta fita, ka ɗauraye, ka tsoma a sifirit, ka bar shi ya bushe. Kar ka sa bilic, yana cin ƙarfe. Kar ka dirje shi da soson ƙarfe ko man goge ƙarfe mai kaushi don neman ƙyalli, ruwan nikel ɗin siriri ne, abin da ya shekara ɗari yana riƙe da shi a minti biyar za ka kankare. Mai ruwan zinare ma ya fi laushi, shi ko tafasasshen ruwa ba a so a zuba masa. Jakar kuwa ban sa mata ruwa ba, busasshen buroshi na bi ta da shi na shanya a inuwa, don rubutun cikin in ya tafi ya tafi ke nan. Tsofaffin rezar da akan samu a ciki, masu hoton King Gillette da gashin bakinsa a jikin takarda, na ajiya ne, baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, ba na aski ba. In kuma saitinka ya zo da tsohon buroshin kumfa, shi ma ka bar shi a ajiye. A zamanin wannan yaƙin an samu sojojin Amurka da na Ingila da suka kamu da cutar antaraks ta hanyar buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba, ƙwayar cutar kuma tana daɗewa ba ta mutu ba, sabon buroshi ba tsada gare shi ba.

Yanzu askin kansa, wanda shi ne dalilin da ya sa nake wannan dogon rubutu, don ni ban yarda a sayi kayan aiki a kulle a kabad ana kallo ba. Rezar zamani ta shiga daidai. Asalin rezar wancan lokacin huda uku gare ta, a wajen 1930 aka sauya zuwa doguwar tsagar tsakiya da muka sani yanzu, lokacin rigimar Gillette da Henry Gaisman mai kamfanin AutoStrop wadda ta ƙare da haɗewar kamfanonin biyu, amma an bar gurbin hudojin nan uku a cikin tsagar, shi ya sa Tiger ko Nacet da za ka saya wajen mai tireda take zama a ƙarfen 1918, Nacet ɗin ma ai ta Gillette ce. Abin lura ɗaya, rezar yanzu ta fi ta da siranta kuma tana ɗan wasa a kan ƙusoshin, don haka kafin ka ƙarasa matsewa ka duba ta sama ka ga bakin ya fito daidai ta ɓangaren biyu, in ya karkace ka gyara da yatsa ta gefen da ba kaifi.

Ni ina da gemu, kumatu da wuya da layin saje nake gyarawa, kuma a wannan aikin ban riƙe abin da ya kai shi ba. Kan siriri ne, kana ganin inda bakin rezar yake sauka, layi yana fita a miƙe, ƙarƙashin hanci ma yana shiga ga masu rage gashin baki. Haƙoran nan kuma suna da rana, in gashi ya kwana biyu ya yi tsawo ba ya toshewa, gashin da kumfar suna bi ta tsakaninsu su wuce, ka kaɗa a ruwa sau ɗaya ya fita tas, wanda ya saba da na robar nan mai baki uku ko biyar ya san wahalar da ake sha wajen fitar da gashi a tsakaninsu. Ga masu fama da ƙurajen aski irin namu masu murɗaɗɗen gashi, ni dai a fatata baki ɗaya ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba, matuƙar na bi yadda gashin ya kwanta ban yi masa gaba da gaba ba, kuma ban nace sai wurin ya yi sumul ba.

Amma ba ya yafiya, wannan gaskiya ce. Kansa ba ya lanƙwasa ya bi fuska, kai ne za ka nemo kusurwar da hannunka, ka kwantar da murfin a fata ka sauke mariƙin a hankali har ka ji rezar ta fara ɗauka, ka tsaya a nan. Kar ka danna. Gajeren ja, kumfa mai ruwa-ruwa, fuska ta jiƙu da ruwan ɗumi tukuna. Wanda ya saba danna na roba in ya kawo wannan hannun nan zai ga jini a wuya, musamman wajen maƙogwaro, ɗan alimun a kusa yana taimakawa a farkon koyo. Mariƙin kuma gajere ne siriri ba nauyi, mai babban hannu zai ji kamar bai riƙe komai ba, in sabulu ya taɓa yatsu ma yana ɗan santsi duk da zanen da aka yi masa. A tsohuwar takardar bayanin Gillette sun ce mai son aski ya kwanta sosai ya ɗan sassauta mariƙin, da rezarsu mai kauri ke nan, da ta yanzu ban ba kowa wannan shawarar ba, ka matse shi gam.

A matsayin kayan tafiya fa? Ƙanƙanta da rashin nauyi babu na biyunsa, ba caji ba batir, ko a garin da ba wuta kana da reza kana da ruwa ka gama. Rauninsa yadin ne. Yadi yana shan ruwa, in ka mayar da ƙarfe a jiƙe ka rufe, da damina kafin ka dawo gida ya fara wari ya yi tabo, dole ka kwance shi gida uku ka goge kowanne ya bushe kafin ka mayar, mai sammakon mota wannan zai ɗan ci masa lokaci. Madubin ya yi hazo da 'yan ƙarce, ana ganin layin saje amma ba wani abin kirki ba, na ɗakin masauki ya fi. Babu wurin sabulu ko buroshi, sai ka yi musu wata 'yar jakar. Masu hawa jirgi kuma ku tuna ba a barin irin wannan rezar a jakar hannu, ƙarfen shi kaɗai yana wucewa, rezar sai a babbar jaka ko ka saya in ka sauka.

In na jera shi da sauran da na riƙe, Tuckaway na shekarun 1920 ya fi shi kyau da nauyi a hannu, ɗan akwatin ƙarfe ne mai ruwan azurfa ko zinare da guntun New Improved a ciki, ruwa ba ya damun bayansa, sai dai ya fi tsada kuma shimfiɗar cikinsa yawanci ta ruɓe. Ƙaramin Tech mai zif na shekarun 1960 ya fi kowanne sauƙin kai a fuska, shi zan ce ɗan koyo ya fara da shi, ga araha, amma murfin na ƙarshe-ƙarshensu ba tagulla ba ne, wani haɗin zinki ne da in ruwan jikinsa ya fashe yake ƙuraje yana ci. Rolls Razor na Ingila abin sha'awa ne, akwatin ƙarfe mai dutsen wasawa a murfi ɗaya da fata a ɗayan, kana kai hannu kana kawowa yana wasa askar da kansa, amma nauyi gare shi kuma da yawansu dutsen ya tsage, in ya tsage an gama. Valet AutoStrop kuwa rezarsa daban ce, ba ta shagon unguwa ba, sai ka yi odarta daga waje, ka ga ga mai tafiya wannan matsala ce babba. Duk cikinsu na kakin ne nake kai hannu kansa in zan fita, don shi ne wanda ba na fargabar ya ƙarce ko ya lotse, dama don wahala aka yi shi.

Maganar kuɗi, kayan kansa bai yi tsada ba in aka duba shekarunsa, kuɗin aikowa ne ya kusa kamo kuɗin saye, ga canjin dala, don haka wanda yake da ɗan'uwa mai dawowa daga Amurka ko Ingila gara a aika gidansa ya taho da shi, ko ka haɗa abu biyu uku wajen mai sayarwa ɗaya a turo a ƙunshi guda. Ka ce a cire tsofaffin rezar a naɗe su daban kar su yanka jakar a hanya. Wanda askin kawai yake so ba ruwansa da tarihi, ya nemi Old Type marar lamba shi kaɗai babu jaka, fuska ba za ta san bambanci ba kuma kuɗin bai kai rabi ba. Wanda kuma saitin yake so don tarawa, ya jira mai J da rubutun soja da madubi da farin gidan reza, suna fitowa a kai a kai, ba sai ka yi gaggawa ba. Ni yanzu farin gidan rezar nake nema wanda ya dace da nawa, in wani cikinku yana da shi a ajiye ko ya ci karo da shi wajen masu tsofaffin kaya, ina so, mai ruwan zinaren kuma zan iya ba da shi musaya ga mai saitin da ya rasa nasa.